Ƙanshin Kafinta a Injin Busar da Kaya

Magariba ta kawo jiki, ruwan da ya wuni yana yayyafi bai ɗauke ba. A gidan bene irin nasu, can hawa na ƙarshe, babu tsakar gida balle igiyar shanya, sai wani ɗan lungu tsakanin kicin da ɗakin Auta, inda injin wanki da injin busar da kaya suke tsaye kafaɗa da kafaɗa. Umma ta shiga lungun kamar yadda ta saba, ta ja ƙofa, ta murɗa maɓallin injin busarwar. Ko ɗankwali babu a cikinsa. Haka take kunna shi wayam kowace yamma tun da mijinta ya rasu.

Kada wani ya yi saurin cewa hauka ne. Mijin kafinta ne, kuma shekara da shekaru kayan aikinsa a nan suke bushewa. Garin katako da man shafa katako sun bi audugar da tufafi ke zubarwa, sun toshe rariyar injin, sun cika bututun da ke fitar da iska ta jikin bango. Da injin ya ɗau zafi sai lungun ya cika da ƙanshin mutumin, sak kamar yanzu ya shigo daga aiki ya rataye riga. Umma takan zauna a kan kwandon wanki ta rufe ido, ta sha kukanta ba wanda ya gani. Tana kewarsa, irin kewar da ba ta iya faɗa wa kowa ba, har 'yarta Auta.

An gargaɗe ta fa. Kwanakin baya injin ya tsaya, ta kira mai gyara. Ya buɗe murfin, ya haska wani ɗan farantin ƙarfe mai lambobi da ke manne a bakin ƙofar.

"Hajiya, harafin farkon nan shi ke nuna shekarar da aka ƙera shi," in ji shi. "Sai dai masu ƙerawa sukan sake zagayowa kan haruffan. Ko dai sa'an 'yarki ne, ko sa'anki. In na dubi launinsa da wannan maɓallin, wallahi na fi zaton Yaya za ki ce masa."

Da ya leƙa baya sai dariyar ta ɗauke. "Wannan ai ba ƙura ba ce, makamashi ne. Bari in kwashe miki."

"Gyara abin da na kira ka ka gyara," ta ce. Ya gyara, ya sauka yana girgiza kai.

To, a wannan magaribar, tana zaune ido a rufe, sai wani abu ya bugi cikin injin. Ƙwas. Ya sake. Kafin ta miƙe, ƙusa ta wuce ta gefen kunnenta ta kafe a jikin ƙofa, alhali murfin injin a rufe yake. Gidan ya yi tsit, har ƙarar ruwan sama kamar an toshe ta. Sannan daga ɗakin Auta wata murya mai kauri ta kira, a hankali, da ɗan zolaya a cikinta.

"Manaja."

Duk duniya mutum ɗaya ne yake kiranta haka, kuma an binne shi.

Ta sami Auta zaune a kan gado, ta jingina da bangon da ya raba ɗakin da lungun. Tun bayan rasuwar yarinyar ta ja gadonta zuwa wannan bangon, wai ya fi ɗumi. Idanunta a buɗe suke amma ba kowa a cikinsu, hannunta kuma yana murza gwiwa yadda ubanta yake yi idan ya gaji.

Daga ranar gidan ya zama kurkuku. Da rana Auta takan kwanta shiru, ba ci ba magana. In aka kama ta za a fita da ita, tana isa bakin ƙofar gida sai ƙafafunta su sandare kamar an kafa su da ƙusa. Da magariba kuwa sai ruwan ƙusoshi da maɓallan riga da tsakuwa a kan ƙofofi, sai muryar. Umma ta daina zuwa ko'ina, ta daina buɗe taga don kada ƙanshin ya fita. Ga abin da ya fi muni, kuma dole a faɗa: tana tsoron magariba, amma tun azahar take duban agogo tana jiranta.

Goggo, yayar marigayin, ita ta zo ta ga yadda yarinyar ta koma ƙashi da fata. Ta dafa injin ta janye hannu da sauri, don fuloginsa a zare yake amma jikinsa zau.

"Innalillahi! Ke kuma kina zaune kina kallo?" Ba ta jira amsa ba. Kafin rana ta faɗi ta dawo da wani tsohon malami da ya san kan irin wannan lamari.

Malam ya zauna a bakin gado sai da numfashin hawan bene ya dawo masa, sannan ya fara karatu a kunnen yarinyar, ba gaggawa, ba ɗaga murya. Duhu yana shigowa, karatun yana ƙara nauyi. Can sai Auta ta ƙwalla ƙara, muryar kafinta ta zame, wata siririya mai kaushi ta fito a madadinta.

"Ya isa! Kana ƙona ni."

"Wane ne kai, kuma tun yaushe kake nan?"

"Tun matar nan da ke kuka tana goye nake cikin injin. Mai gyaransu bai san shekarunsa ba, ni na sani. Gidaje nawa na bi da shi! Ko'ina kwashe mini shimfiɗa suke yi, in kwana a kan ƙarfe. Sai a nan na samu gado mai laushi."

"Muryar bawan Allah da ya rasu fa?"

"Shekara da shekaru ina jinsa yana zolayar matarsa. Me ke da wuya a ciki?"

Umma ta dafe bango. Malam bai dube ta ba. "In gadon ya yi maka, me ya kai ka jikin yarinya?"

"Gadon ya fara ci da wuta daga ciki. Zafi ya ishe ni, na tsallako bango."

"Kai da aka yi da wuta?"

"Kai da aka yi da ƙasa, a rami kake kwana?"

Sai kan Auta ya juya a hankali wajen uwarta, muryar nan mai kauri ta dawo, da taushinta da komai. "Manaja, mu daidaita. A bar mini gadona, a rage kunnawa ya huce. Da rana yarinya taki ce. Da magariba kawai zan riƙa aronta, mu ɗan yi hira kamar da."

Malam ya sauke hannunsa. "Hajiya, wannan ba mijinki ba ne, kin ji da kunnenki. Zan iya fitar da shi yanzu da yardar Allah, amma muddin shimfiɗarsa na nan zai dawo. Ni karatu na iya. Kwashewar taki ce."

Goggo ta fara salati. Allah ya sani, Umma ta auna maganar. Sannan idonta ya sauka a kan wuyan hannun Auta, wanda ya rame har awarwaro yake zamewa zuwa gwiwar hannu.

Ta shiga lungun, ta ja injin da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba, ta fizge bututun, ta zura hannu har kafaɗa. Auduga ta riƙa fitowa dunƙule-dunƙule, toka-toka, sai shuɗiya kalar rigar aikinsa, cike da garin katako. Muryar tana ta kiran "Manaja, Manaja," ita kuwa tana ja tana kuka. Can ciki audugar ta koma baƙa, ta farfashe a hannunta, jan garwashi ya buɗe ido a tsakiya. Bangon da bututun ya jingina da shi ya yi baƙi ƙirin, daidai inda matashin kan Auta yake ta ɗaya gefen.

Goggo ta sheƙa bokitin ruwa a kai. Tururi ya tashi da ƙanshin kafinta, mai ƙarfi fiye da kowane lokaci, ya cika gidan, sannan ya tafi. Abin da ya rage warin jiƙaƙƙiyar toka ne kawai.

"An rushe mini," in ji siririyar muryar. "Ku buɗe taga."

Malam ya karɓi alkawarinsa cewa ba zai waiwayo ba, sannan aka buɗe. Iska mai sanyi ta shigo, jikin Auta ya yi wata girgiza, ya saki.

Da ta farfaɗo, ta daɗe tana kallon hannun uwarta da ya tashi bororo, tana shaƙar iska kamar mai neman wani abu.

"Umma, kin kwashe?"

"Na kwashe, Auta. Ai ni ce nake kunna..."

"Na sani. Ina jinki kullum ta bango." Yarinyar ta shafa wurin da yake da sauran ɗumi. "Ba don sanyi na ja gadona nan ba. Ta wannan tsagar ƙanshin Baba yake shigowa."

Umma ta zauna a bakin gadon, ta jawo 'yarta jikinta da hannun da ya ƙone, suka yi kukansu tare, ƙofa a buɗe.