Irin Doyar Kaka da Ruwan Sukari

Yara, zan fara da neman afuwa. Sunan yarinyar da zan ba ku labarinta ya kuɓuce mini. Da na san shi sarai. Yanzu in na kusa kama shi, sai ya sulale. Sunan littafin da ya jawo maganar ma ya tafi. Na yi yawo a garuruwa da yawa, ga tsufa, sunaye duk sun cakuɗe a kaina. Amma abin da ya faru yana nan daram. A Jalingo ya faru, a unguwar Nukkai, shekarar da na sauka can don in ɗan huta.

Yarinyar tana aji biyar a firamare. Ba ta iya zama wuri ɗaya. In ta zauna, ƙafarta tana rawa. In an aike ta, tana gudu tun ba a gama faɗin saƙon ba. Babanta Andrawus, wanda ke aiki a sakatariya, yakan ce mata, "Ke dai kamar an sa miki sabon batir."

A shekarar ne aka ɗauko kakarta daga Mutum Biyu, saboda ciwon gwiwa ya hana ta noma. Kaka ta zo da ƙullin kaya da kwando ɗaya rufe da buhu.

"Kaka, mene ne a ciki?" in ji yarinyar. Hannunta har ya kai kan buhun.

"Cire hannunki," in ji Kaka. "Irin doya ne. Na gonar kakanki marigayi. Tun ina amarya muke shuka shi. Ba a sayar da shi a kasuwa. In wannan ya ƙare, shi ke nan ya ƙare."

Andrawus ya ɗora kwandon a kan katako can sama a ɗakin ajiya. Ya tara tulin ƙasa a bayan gida, aka zauna jiran ruwan sama.

Kaka ba ta ji daɗin birni ba. Kullum tana gindin mangwaro tana kallon duwatsu. In an kawo mata doyar kasuwa, sai ta ɗanɗana ta ture kwanon. Abin yana damun yarinyar ƙwarai. Tana so ta ga Kaka tana dariya.

Wata Juma'a malamarsu, Anti Vivian, ta shigo aji da kwali biyu cike da littattafai. Ɗaya an shafa masa jan fenti, ɗaya kore. Ta tsaya tana bayani a kansu. Yarinyar ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Idonta yana kan littattafan, ƙafarta tana rawa a ƙarƙashin benci. Ana cewa kowa ya zo ya zaɓa, ta riga kowa. Ta fizgi mai hoton doya a bango, ta cusa a jaka.

A hanya ta fara karantawa, har Keke Napep ya kusa buge ta.

Labarin wata yarinya ne wadda mamarta ba ta da lafiya, ba ta iya cin komai. Sai yarinyar ta yanka irin doya, ta jiƙa shi a ruwan sukari. Nan da nan ya tsiro. Doyar ta yi girma kamar turmi, ga zaƙi kamar zuma. Mamar ta ci ta warke, unguwa duka ta ci ta ƙoshi.

Yarinyarmu ta rufe littafin. Ta san tatsuniya. A tatsuniya dabbobi suna magana, aljanu suna fitowa daga tulu. Wannan kuwa babu ko ɗaya. Akwai keke a ciki. Akwai wayar hannu. Har wuta ake ɗaukewa, kamar a Nukkai.

"To ai gaskiya ne," ta ce a ranta.

Ranar da Mama da Kaka suka tafi taron zumuntar mata a coci, yarinyar ta hau kujera ta sauke kwandon. Ta yanka irin gunduwa-gunduwa da wuƙar kicin. Ta zuba a bokiti, ta cika da ruwa, ta juye rabin sukarin shayin gidan a kai. Ta kai bokitin bayan akurkin kaji ta rufe da faranti. Kwandon kuwa ta mayar da shi sama, ta rufe da buhunsa. So take ta ba Kaka mamaki.

Daga ranar ba ta sake samun sukuni ba. Da safe kafin ta wanke fuska, tana bayan akurki. Ta dawo daga makaranta, ko jaka ba ta ajiye ba, tana bayan akurki. Babu tsiro.

"Me kike nema wurin kajin nan?" in ji Mama. "Ƙwai za ki saka?"

"Ba komai, Mama."

Lokacin zafi ne, irin zafin Jalingo na kafin damina. Ruwan bokitin ya fara kumfa. Ya fara tsami. Kiyashi suka yi layi tun daga katanga. Yarinyar ta sake buɗe littafin ta karanta wurin. Ta ce a ranta ko sukarin ne bai isa ba. Ta kwaso sauran ta ƙara.

A aji ba ta jin abin da ake faɗa. A gida abinci ba ya shiga. Tana so ta gaya wa wani, tana tsoro. Kullum tana cewa gobe zai tsiro.

Na manta ko Laraba ce ko Alhamis. Abin da na tuna shi ne hadari ya haɗu ta gabas da rana tsaka, ruwan farko ya sauka. Ƙasa ta yi ƙamshi. Kaka ta miƙe da sandarta, fuskarta ta washe a karon farko tun zuwanta.

"Andrawus! Sauko mini da kwandon. A yanka yau, a shuka in ya sha iska."

Andrawus ya ɗaga kwandon da hannu ɗaya. Ya tsaya. Ya yaye buhun. Babu komai.

"Ɓera ne?" in ji Mama.

"Wane irin ɓera ne zai mayar da buhu ya rufe?" in ji Andrawus.

Duk suka juyo suka dubi yarinyar. Ta fashe da kuka. Ta je ta jawo bokitin. Tana cire farantin, wari ya bugi kowa. Mama ta toshe hanci.

"Wa ya sa ki wannan aikin?" Andrawus ya daka mata tsawa.

"Littafi ne, Baba."

"Wane littafi?"

"Na makaranta. A rubuce yake. An buga shi da inji, har da hoto!"

Kaka ta matso kusa da bokitin. Ta zauna a ƙasa da ƙyar, ta miƙe ƙafar mai ciwo. Ta sa hannu cikin ruwan, tana ciro gunduwa ɗaya bayan ɗaya tana latsawa. Wannan ya ruɓe. Wannan ma. Wannan ya narke a hannunta. Tana jefarwa, tana sharar ido da gefen zane.

Can sai ta tsaya. Akwai 'yan kawunan doya da suka tsaya a sama, ruwan bai rufe su duka ba. Ta latsa, ta ji tauri.

"Ke," ta ce. "Kuka ba zai gyara ba. Kawo wuƙa. Ki je murhu ki ɗebo toka, mai sanyi."

Yarinyar ta ruga. Kaka ta yanke duk inda ya ruɓe, har ta kai wurin fari. Ta shafe kowane yanka da toka. Ta jera su a inuwa.

"Kaka, zai fito?"

"Ban sani ba."

"Yaushe za mu sani?"

"Ƙasa ce za ta faɗa. Ba ni ba, ba ke ba."

Washegari yarinyar ta isa makaranta kafin a buga ƙararrawa. Ta dire littafin a teburin malama.

"Anti, littafin nan maƙaryaci ne!"

Ta kwashe labarin duka ta faɗa, tana haɗiye kuka. Wani ɗan ajinsu, Tobias, yana bakin ƙofa yana ji. Ya tuntsire da dariya.

"Sannu Madam Sukari! Me ya sa ba ki ƙara madara ba?"

"Tobias, je ka share allo," in ji Anti Vivian. Ta jawo yarinyar kusa da ita. "Daga wane kwali kika ɗauko shi?"

"Ban duba ba."

"Me na ce game da kwalayen ranar Juma'a?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Ban ji ba, Anti."

Anti Vivian ta juya bayan littafin, ta ɗora yatsa a kan wani ɗan rubutu. "Karanta."

"Ƙa-gag-gen labari."

"Yawwa. Daga jan kwali yake. Wani ne ya zauna ya ƙirƙiro shi daga kansa. Bai yi miki ƙarya ba, tun da ga shi ya faɗa a bango."

"Amma Anti, babu dabba mai magana a ciki! Akwai keke. Har wuta ake ɗaukewa."

"Mai ƙaga labari yana iya sa keke, ya sa waya, ya sa Jalingo kanta in ya so. Yana yi ne don ki ji kamar kina wurin. Amma ba sai ya gwada abin da ya rubuta ba."

Ta sa hannu cikin koren kwali, ta ciro wani littafi. Ba shi da kyan bango kamar wancan. Na noma ne. Hotunan ciki na gonaki ne na gaske, waɗanda aka ɗauka da kyamara. Ta buɗe babin doya ta miƙa mata.

Yarinyar ta karanta a hankali. Littafin ya ce in an yanka irin doya, a shafa toka a wurin yankan, a bar shi ya sha iska a inuwa kafin a shuka, don kada ya ruɓe.

Ta ɗago da sauri. "Haka Kaka ta yi! Ita kuwa ba ta karanta shi ba!"

"Ai mai wannan littafin gona ya je. Ya gani, ya tambaya, ya gwada, sannan ya rubuta. Shi ya sa kowa zai iya zuwa ya duba ko haka ne. Wannan shi ake kira littafin gaskiya."

Yarinyar ta harari jan kwali. "To me amfanin waɗancan? A ƙone su."

Anti Vivian ta yi dariya. "Me ya sa kika so ki taimaki kakarki?"

"Na ga yarinyar littafin ta tausaya wa mamarta."

"To ki riƙe wannan. Shi ne abin da labarin ya zo ya ba ki. Sukarin kuwa ki bar shi a cikin littafi."

Aka shuka 'yan kawunan a bayan gida. Tulin ƙasa da yawa suka zauna babu komai a ciki. Yarinyar ta dinga zagaya wurin safe da yamma. Wata rana Kaka ta kama ta tana tona ƙasa da tsinke.

"Me kike yi?"

"Dubawa kawai zan yi."

"Zo nan ki zauna. In kika tone shi, ya mutu."

Don ta riƙe ta a wuri ɗaya, Kaka ta fara ba ta labari. Yarinyar ta katse ta.

"Kaka, wannan na jan kwali ne ko na kore?"

Da aka yi wa Kaka bayanin kwalayen, sai ta kama dariya har da riƙe ciki. Daga nan kullum sai ta faɗa tun farko. "Wannan ja ne, kura ne da zomo." Ko kuma, "Wannan kore ne, shekarar da kogi ya ci gonarmu." Yarinyar ta gane tana son duka biyun.

Wata safiya ihunta ya tashi gidan.

"Kaka! Kaka! Ya fito!"

Wani siririn toho ne ya leƙo daga ƙasa. Bayan 'yan kwanaki wasu suka biyo. Ba duka suka fito ba, amma an samu. Andrawus ya kafa musu sanduna, suka nannaɗe suka hau.

Da lokacin girbi ya yi aka haƙa. Doyar ba ta kai turmi ba, ba ta kuma yi zaƙin zuma ba. Doya ce kawai mai kyau. Mama ta daka sakwara. Kaka ta cinye tata tas, ta miƙa kwano a ƙara mata. Sannan ta ware iri ta zuba a kwandon, ta miƙa wa yarinyar.

"Ke za ki ajiye shi bana."

"Ni, Kaka?"

"Ke. Yanzu kin san abin da ba ya so."

To yara, ga darasin. Littattafai iri biyu ne. Akwai ƙagaggen labari, wanda ake karantawa don nishaɗi da gyaran hali. Akwai littafin gaskiya, wanda ke faɗin abin da aka gani aka tabbatar. Kowanne yana da amfaninsa. In kun ɗauki littafi, ku duba bangonsa ku san wane iri ne. Kafin ku aikata abin da kuka karanta, ku tambayi babba.

Ni ma da aka ba ni labarin ban tsaya nan ba. Da yawona ya bi da ni ta Mutum Biyu gab da damina, na ratse wata gona. Na tarar da mutum da matarsa a gindin bishiya suna yanka irin doya, ga kasko cike da toka a tsakaninsu. Na tambaye su amfaninta. Suka ce ita ke hana yankan ruɓewa a ƙasa. Na tsuguna na ga suna shafawa da idona.