Dariyar da Na Yi wa Issahaku

"To zakara, me ZAX take nufi?"

Yayana Abdul-Baki ne ya tambaya, yatsansa a kan allon Sikirabul, wasan haɗa kalmomin Turanci. Ranar Issahaku ya fara zuwa gidanmu a Kalpohin, kuma Yaya da kansa ya nemi su buga, wai ya ji labarin kafintan Tishigu da ba a cinyewa.

Issahaku ya sunkuyar da kai.

"Tana cikin ƙamus, Yaya. Ma'anar ce ban sani ba."

"QANAT ɗin da ka sa ɗazu fa?"

Issahaku ya girgiza kai.

Haka 'yan wasan suke, dubban kalmomi suke haddacewa, babu mai neman ma'ana. Yaya ya san haka. Ya kuma san a firamare Issahaku ya tsaya.

"Aku ke nan!" in ji Yaya. "Mansura, wannan za ki kawo wa Baba bayan digiri?"

Abokan Yaya da ke kallon wasan suka tuntsire da dariya. Issahaku ya ɗago ya dube ni. Na san amsar: ta farko ɗan gatarin masu rufin ɗaki ce, ta biyu hanyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa. Baki kawai zan buɗe.

Sai na yi dariya.

Ni ma!

Issahaku ya miƙe, ya gode da ruwan da aka ba shi, ya sa takalmansa ya fita.

Kwana tara bai kira ba. Ko madubi na kasa kallo.

Rana ta goma na hau babur zuwa Tishigu. Yana ƙofar shagonsa, maza sun kewaye allon Sikirabul. Ni da gaisuwa ma ke yi mini nauyi, na tsaya a tsakiyarsu.

"Masoyina, na yi abin kunya."

"Ba a nan ba, Mansura."

"A gaban mutane na yi, a gabansu zan faɗa. Ranar nan tsoro na ji kada dariyar ta haɗa da ni."

Bai ɗago ba.

"Tasu dariyar ba ta dame ni ba."

"Na sani..." Hawaye suka zubo. "Jiya na sami Baba. Ya ce kawunnanka su kawo goro ranar Juma'a."

Ya daɗe yana juya harafi ɗaya a tafin hannunsa.

"Kin gaya masa aikina?"

"Kafinta. Sau biyu na faɗa, Yaya yana zaune."

Ya ajiye harafin, ya dubi wani daga cikin mazan.

"Osman, karɓi wasan nan. Zan je gidan kawu."