Babin Kwandon Shara

Tun da aka ba yara hutun makaranta, teburin cin abinci ya daina zama na cin abinci a gidan Mai Tabarau. Matarsa, Maman Mimi, ta mamaye shi da kwamfuta da tarin takardu da jan biro, ga kofin shayi da kullum sai ya huce kafin ta tuna da shi. Littafinta na soyayya take fafutukar kammalawa, kamfanin ɗab'i kuma ya ce in hutun nan ya ƙare ba ta miƙa ba, za a ba wani gurbinta. Babi ɗaya ya rage mata, na ƙarshe, shi ne kuma ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ta rubuta, ta buga a takarda, ta bi da jan biro, ta dunƙule ta jefa a kwandon shara, ta sake sabon lale.

Shi Mai Tabarau sana'arsa ce ta zame masa suna, don gilashin ido yake yankawa a ɗan shagonsa. Gajere ne mai ɗan tumbi da sanyin hali, yana son matarsa so na haƙiƙa, sai dai karatun littafi ba ya cikin jininsa. Tun farkon hutun ta ajiye masa kwafi a gefen gado ta ce ya duba mata. Ya ce to. Har yau kwafin na nan, a kansa yake ɗora waya in zai sa caji.

Ana cikin haka yayarsa, Yaya Babba, ta iso hutu da 'ya'yanta. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, shi ya sa har gobe Auta take ce masa, kuma har gobe a ganinta bai san wayo ba. Mace ce mai ido; ko kujera aka gusar a gidan mutane sai ta gano dalili. Ba ta daɗe ba ta lura matar ƙaninta na murmushi ita kaɗai a gaban kwamfuta, wani lokaci har da share hawaye. Ta lura akwai lambar sirri a kwamfutar. Ta kuma lura da wani edita mai kaurin murya da ke yawan kira, Maman Mimi ta tashi ta koma baranda da wayar.

Wata safiya Yaya Babba ta tare shi a bakin ƙofa yana shirin fita shago, ta miƙa masa wasu takardu duk sun yamutse. A kwandon shara ta tsinto su, ta ce, ba bincike take yi ba, Allah ne ya nuna mata. Ya gyara tabarau ya karanta a tsaye. Wata matar aure ce a cikin labarin, ta je wurin wasan nan mai lilo iri-iri, ta hau babban lilon da ke ɗaga mutane sama cikin 'yan akwatuna. A can ƙololuwa wani dogo mai farar riga, jarumi marar tsoro, ya riƙe hannunta yana zuba mata kalamai masu narkar da zuciya.

Ya yi dariyar yaƙe ya ce ai labari ne kawai.

"Labari?" in ji Yaya Babba, ta rage murya. "Auta, ni mace ce. Mace ba ta zana namiji haka tun daga tsayinsa har ƙamshin turarensa, sai in ta gan shi. Kai dogo ne? Kai da ko tsani ba ka iya hawa ka canza ƙwan lantarki?"

Ya ce ta bari don Allah, ya fice. Amma maganar ta riga ta shiga. Ranar sau biyu yana yanka gilashi ba daidai ba. Ya tuna muryar editan da bai taɓa ganin fuskarsa ba, zuciyarsa ta ɗauki muryar ta ɗora mata tsayi da farar riga. Ya ji kunyar kansa, ya yi istigfari, can kuma tunanin ya dawo.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne batun fita. Tun farkon hutu ya yi wa yara alkawarin kai su wurin wasan, Maman Mimi kuma ta rantse ko ƙofar gida ba za ta leƙa ba sai ta sa aya ta ƙarshe. Ana saura kwana ɗaya wa'adin miƙa littafin ya cika, yara sun gama shiri suna tsalle, sai ga ta ta fito da kwalliyarta da mayafi mai kyau ta ce ita ma da ita za a je. 'Yarsu Mimi ta rungume ta don murna. Yaya Babba kuwa ƙaninta kawai ta kalla, kallon da ya fi magana tsawo.

Wurin ya cika maƙil. Aka sayi tikiti, aka ɗaura wa kowa ɗan zobe na takarda a hannu, yara suka ruga wajen motocin karo. Kiɗa na tashi ta ko'ina, ga ihun masu hawan jirgin da ke gudu a kan ƙarfe yana juya mutane ƙasa da sama. Mai Tabarau ya saya wa yara alawar auduga da askirim, amma ransa ba ya wurin. Matarsa yake kallo, ita kuma babban lilon take kallo, ta ɗaga kai ta duba waya, ta sake ɗaga kai.

Can ta ce su ba ta 'yan mintuna, za ta ɗan zaga ita kaɗai. Yaya Babba ta zungure shi da gwiwar hannu ta ce ita za ta kula da yara. Haka magidanci guda, mai mutunci a unguwa, ya bi matarsa a ɓoye. Ya laɓe bayan rumfar mai gugguru, daga nan ya koma bayan wani da ya sa kayan zomo yana ɗaukar hoto da yara, har zomon ya juyo ya tambaye shi ko shi ma hoton yake so.

Ya gan ta ta tsaya wajen mai kunna lilon, sun daɗe suna magana tana dannawa a waya. Sannan ta shiga layi. Bayanta kuwa wani dogo ne, kuma wallahi farar riga ce a jikinsa. Mutum biyu-biyu ake sakawa a kowane akwati. Mai Tabarau bai san sadda ƙafafunsa suka kai shi ba. Ya ratsa layin mutane na masa tsaki, ya faɗa akwatin kusa da ita, aka ja ƙarfe aka rufe. Dogon ya koma gefe wajen wata mata da jariri, ashe ba layi yake bi ba, sauran iyalinsa yake jira su sauko daga wani lilon.

Maman Mimi ta zaro ido ta tambaye shi lafiya, shi da ko benen shagon maƙwabcinsa ba ya hawa. Kafin ya amsa lilo ya motsa. Ƙasa ta fara nisa, mutane suka ƙanƙance. Ya damƙe ƙarfen da hannu biyu ya rufe ido, gumi na bin wuyansa. Da suka kai ƙololuwa lilon ya tsaya cak, akwatin na ɗan reto a iska. A nan, ido a rufe, ya furta abin da ke cin sa.

"Wane ne shi? Dogon nan na cikin takardunki."

Ta juyo ta dube shi. Da ta yi magana, muryarta a sanyaye take. Ta tambaye shi a ina ya ga takardun, ya faɗa mata. Sai ta ce mutumin nan mijin matar ne a labarin, zugar dangi ce ta raba su, a kan lilon kuma za su shirya. Ta jefar da babin ne don ƙarya ce tsagwaronta: ba ta taɓa hawa lilon ba, ba ta san yadda sama take ba, ita kuma ba ta iya rubuta wurin da ƙafarta ba ta taka ba. Shi ya sa ta zo. Mai kunna lilon ma tambayarsa ta yi tsawon lokacin da ake tsayawa a sama, ko zai ishi mutum biyu su fahimci juna.

"Abban Mimi," ta ce, hawaye na zubo mata, "littafin nan gaba ɗaya yana gefen gadonka. Na roƙe ka ka karanta, ka ce ba ka da lokaci. Amma na kwandon shara ka samu lokacinsa, har ka yanke min hukunci da shi."

Ya buɗe ido. Tsoron saman ya tafi, wani wanda ya fi shi ya zo. Ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga. Lilon ya sauko da su a hankali.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ƙarasa yinin da yara tana musu murmushi, ta gaida Yaya Babba kamar kullum. Da suka koma gida ta rufe kwamfutar, ta tattara takardunta daga teburin ta zuba a kwali. Ta ce masa in rubutunta zai sa mijinta ya riƙa bin ta a ɓoye, to ta haƙura da shi, gobe za ta kira kamfanin ta ce su ba wani gurbin. Shekarun da ta yi tana ginin littafin nan ya tuna, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Da gari ya waye bai buɗe shago ba. Ya ɗauke wayarsa daga kan kwafin, ya kaɗe ƙura, ya zauna a falo ya fara daga shafin farko. Bai yi nisa ba ya fara cin karo da kansa. Mijin cikin labarin yana hura wa matarsa shayi kafin ya miƙa mata. In ya ji kunya sai ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Yana rera waƙa a banɗaki da murya marar daɗi, matar kuma na tsayawa bakin ƙofa tana saurare don tana so. Tsayi kawai ta ƙara masa da farar riga. Ya karanta yana dariya yana share ido, har rana ta ɗaga.

Yaya Babba ta leƙo ta tambaye shi me ya gano jiya. Ya miƙe cikin ladabi ya ce, "Yaya, ke kika raine ni, ba ni da kamarki. Amma matata ba ta yi komai ba, mu muka yi mata. Ni zan fara ba ta haƙuri, ina roƙon ki ke ma ki ba ta." Ta dubi fuskarsa da kyau. Ranar ce ta fara ganin Auta ya girma.

Da kansa ya fito da kwalin, ya jera takardun a tebur, ya jona kwamfuta, ya dafa shayi ya hura. Ya sami matarsa a ɗaki ya durƙusa gefen gado. Bai kare kansa ba, bai ce Yaya ce ta sa shi ba. Ya ce ya karanta har inda ta tsaya, ya ga wanda take so, kuma ya ji kunyar yadda mutumin cikin takarda ya fi shi sanin darajarta. Ya roƙe ta ta yafe, ta kuma gaya masa yadda labarin zai ƙare, don shi yanzu ba zai iya jira ba. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta karɓi shayin.

Ya kwashe yara duka ya fita da su, Yaya Babba ta shiga kicin ta hana kowa taɓa tukunya. Ƙarar madannan kwamfuta kawai ke tashi a gidan. Kafin a tashi daga ofis a kamfanin, Maman Mimi ta tura littafin, editan ya kira ya ce saƙon ya shigo. A lasifika ta sa shi, ashe dattijo ne, har yana ba da haƙuri wai jikokinsa na masa surutu.

Da Mai Tabarau ya dawo ta miƙa masa babin ƙarshe, sabo fil. Jarumi marar tsoro ya ɓace. Wanda ya hau lilon yanzu mutum ne da ya damƙe ƙarfe, idonsa a rufe yana hawaye, ya hau ne kawai don tsoron rasa matarsa ya fi masa tsoron faɗowa. Ya kai ƙarshe ya ɗago ya ce shi fa bai yi kuka a sama ba. Ta ce ai labari ne kawai. Yaya Babba, da ta riga ta ba da nata haƙurin a kicin da 'yar murya, ta tambaya ko ita ma tana ciki. Maman Mimi ta ce tana babi na huɗu, amma za ta shiryu kafin ƙarshe.

Zargi ba ya buƙatar hujja mai yawa, guntun abu ya ishe shi, musamman in wanda kake girmamawa ne ya miƙo maka. Wanda ke son zaman aurensa ya ɗore, ya saurari abokin zamansa tun yana roƙon a saurare shi, ya tambaya kafin ya yanke hukunci. Haƙurin Maman Mimi bai faɗi ƙasa ba: littafinta ya fito, ta kuma samu mai karatu na farko a cikin gidanta. Tun daga ranar duk shafin da ta buga, kafin jan biro ya taɓa shi, Mai Tabarau ya riga ya goge gilashinsa ya zauna.