Akwatunan da Dogo Ya Zana a Bango

Ta gilashin shagon babanta, inda masu hannu da shuni ke sayen zane-zane, Auta ta fara hango shi. Yana tsallaken titi bisa tsani, riga duk fenti, yana zana akwatunan katako a bango, jibge har sama, kowanne da kwaɗo. Ta tsagar akwati ɗaya idon wata tsohuwa na leƙowa.

Ta kasa haƙuri, ta tsallaka ta tambaye shi. Dogo, haka ake kiransa, ya ce kakarsa ce ya taɓa zanawa. Shagon can ya sayar wa wani dillali, shi kuwa ya kulle ta a sito yana jiran ta yi tsada. Shekara uku ba wanda ya gan ta.

"Shagon babana ne," in ji Auta.

"Na yi suɓul da baka ke nan," ya yi murmushi. "Amma ba zan goge ba."

Abin da ya burge ta ke nan. Kafin wata ya cika, saƙonsa ke tashinta da safe: "Sanyin idona, na haɗa kala goma, ban samu ta murmushinki ba."

Baba ya ce faufau, ba zai ba mai zagin sana'arsa a bango 'ya ba, ga dillalin nan ma yana sonta. Ranar da Dogo ya ga ta shiga motar dillalin, ya daina ɗaga waya. A kwana na huɗu ta rubuta masa:

"Sarkin fushi, sito na je. Na roƙe shi ya ba da aron Kaka a rataye ta kowa ya gani. Ya ƙi. Ni ma na ƙi shi."

Dogo ya zo a guje yana ba da haƙuri. Labarin ya kai kunnen Baba. Da hantsi ya tsallaka titi, ya daɗe tsaye gaban bangon.

"Shekara talatin ina sayar da zane, ban taɓa tambayar inda yake kwana ba," ya ce wa Dogo. "Bakinka da kaifi, ɗana, amma hannunka bai yi ƙarya ba. Turo manyanka."

Ya ware ɗaki guda a shagon, kallo kyauta, ba abin sayarwa ciki.

Ranar ɗaurin aure Baba ya riƙe hannuwansu.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a masu faɗin gaskiya. Amma su riƙa raga wa kakansu."