Keken Tela a Gaban Alƙali

Auta tana durƙushe tana gasa wa mijinta ƙafa da ruwan ɗumi, sai ga surukarta Inna ta banko labule ko sallama babu.

"Ɗauke kwanon nan. Ina sandunan nasa? Tura su ƙarƙashin gado."

"Ina kwana, Inna. In an ɓoye su da me zai tashi?"

"Mutumin inshora yana tafe zai duba shi. Ba za a shigo gidana a tarar da ɗana a shimfiɗe kamar tsumma ba."

Mijin nan nata tela ne, kuma Tela kowa yake ce masa, har uwar da ta haife shi. Shekara biyu da aurensu, shi yana taka keke, ita tana gefensa tana kalmasa da sa maɓalli da hannu. Wata uku ke nan da motar wani kamfani ta kwashe shi a kan babur yana hanyar kai wa mutane ɗinkinsu. Ƙafar dama ta karye gida biyu aka sa mata ƙarfe, idon sawun hagu kuwa ya dagargaje, ya haɗe a sandare. Auta ce ta yi ta yawo da hoton ƙashi a leda har ta samo wata lauya da ta yarda ta nema masa diyya, ba za ta karɓi komai ba sai an ci.

"Inna, Lauya ta ce kada ya gana da mutanen kamfani sai tana wurin."

"Lauya ce ta haifa mini shi?"

Yaya Babba, wan Tela, wanda ya fara sana'a bakwai bai ƙare ko ɗaya ba, shi ya shigo ya zura wa ƙanen babbar riga, ya ciccibe shi ya jingina shi da ƙyauren falo. Rigar ta rufe ƙafafun har ƙasa. Tela ya cije leɓe, gumi yana bin wuyansa.

Baƙon ya zo da jaka da fara'a. Ya ce, "A'a, har an miƙe?"

Inna ta ce, "Mu gidanmu maza ba sa daɗewa a kwance. Ya warke sarai."

"Madalla. Bari in ɗauki hoto ɗaya, don fayil ne kawai."

Tela ya yi murmushi don kada ya kunyata uwarsa. Baƙon yana fita daga ƙofa Tela ya zube ƙasa, kansa ya bugi ƙafar kujera. Auta ce ta ja shi zuwa gado, Inna tana waje tana raka baƙo da godiya.

Bayan kwana tara takarda ta zo. Kamfani ya ce tunda mai rauni ya warke, za a biya kuɗin asibiti da gyaran babur, ya sa hannu a rufe magana har abada. Yaya Babba ya karanta wa kowa a tsakar gida yana washe baki. Ashe har ya je ya taya wata tsohuwar mota, wai zai riƙa haya da ita yana riƙe wa Tela.

Auta ta ce, "Yaya, wannan tayin farko ne. Ko tumatir ba a sallamawa a tayin farko, balle ƙafar mutum. Lauya ta ce in ya yi sayin, kes ɗin ya mutu."

Yaya ya ce, "Kun ji ta ko? Kes. Sayin. Yarinya ta hango gidan sama."

Inna ta ajiye tsintsiyar hannunta. "Ni na san abin da kike so. So kike a rubuta ɗana gurgu a takardar hukuma, a karanta a gaban jama'a, ke ki kwashi kuɗi. Tun da ya kawo ki gidan nan me ya gani? Ba ɗa, ba arziki, sai kwalta da ya sha."

Auta ta dubi mijinta. Yana zaune a kan tabarma, idonsa a ƙasa.

"Tela, ka yi magana."

Yaya ya ce, "Ai kuwa zai yi. Ko uwarsa ko ke."

Da Tela ya buɗe baki, muryar kamar ba tasa ba. "Auta, kin dame ni. Kullum ke ce mai tuna mini na nakasa. Ki tafi gidanku ki bar ni in huta."

Ba ta yi kuka a gabansu ba. Ta shiga ɗaki ta ɗaure kayanta a zane ɗaya, ta ɗauki ledar hoton ƙashi. A bakin ƙofa ta durƙusa kusa da shi ta yi ƙasa da murya.

"Zan tafi tunda ka ce. Abu ɗaya na roƙe ka. Kafin ka sa hannu, ka hau kekenka ka ɗinka mini layi ɗaya, taƙi guda kawai. In ya ɗinku, ka sa musu hannu, ni ce maƙaryaciya."

Washegari da hantsi, gida ba kowa, Tela ya ja jiki zuwa wurin keken. Abin da ya faru bai faɗa wa kowa ba. Amma da Yaya ya kawo takarda da biro, sai ya tura hannuwansa cikin hammata ya ce ba zai sa ba.

Daga ranar aka nuna masa iyakarsa. Yaya ya sa aka mayar da shi ɗakin ajiya, kusa da buhunan gawayi, wai ana bukatar ɗakinsa. Abinci sai kowa ya ci a kankaro masa. Inna ta daina shiga wurinsa, in ta wuce sai ta ce da bango, "Wanda mace ta shanye ai ya ƙoshi." Ranar kasuwa Yaya ya kira dillali ya sayar da keken, ya ce wanda ba ya takawa ba ya bukata. Tela yana ji ana jan ƙafafun keken a kan siminti, ya juya fuska bango.

Labari ya kai wa Auta a shagon da take sa wa wasu teloli maɓalli. Ta cire 'yan kunnen aurenta ta sayar, ta nufi rumfar dillalin.

"Nawa wannan tsohon?"

Ya faɗi kuɗi. Ta yi dariya ta juya.

"Hajiya, dawo mana. Kan keken nan na asali ne."

"Na asali ne, amma bel ɗinsa ɗauri biyu ne, aljihun hagu ba ya rufuwa sai an ɗaga, kuma in bai sha mai ba yana tsallake zare. Juya ka gani."

Dillali ya duba, ya dube ta. "Ke kin san keken nan."

"Na san abin da ka ba wanda ya kawo shi ma. Ka ɗora ladanka kaɗan, kada ka ɗora na zalunci."

Ta saye shi ƙasa da rabin abin da ya faɗa, har da sa shi ya biya mai baro.

Wata huɗu tana gidan iyayenta. Kullum da rana sai ta zagaya ta bayan gidan su Tela, ta miƙa kwano ta tagar ɗakin ajiya. Kwanakin farko hannu kawai yake fitowa ya karɓa. Wata rana hannun ya riƙe nata bai saki ba.

"Auta, na hau keken."

"Na sani."

"Ki yafe mini abin da na faɗa."

"Ci abincinka kafin ya huce. Lauya ta ce ranar Talata ne za a shiga kotu."

Ranar Talata kotu ta cika. Lauyan kamfani ya ɗaga hoton da aka wanke ƙato: ga Tela a tsaye cikin babbar riga yana murmushi. Mutumin inshora ya rantse cewa uwar mai ƙara da bakinta ta ce ya warke sarai. Inna tana bencin baya, ta gyara mayafi, don a zatonta yabon gidanta ake yi.

Lauya ta miƙe. "Ya mai shari'a, ba da tsayuwa wannan mutum yake ci da iyalinsa ba. Muna roƙo a bar mu mu shigo da wurin aikinsa."

Alƙali ya yarda. Auta da ma'aikacin kotu suka turo keken. Tela yana ganinsa ya gane shi. Aka zaunar da shi, Auta ta zura zare ta sa farin ƙyalle a ƙarƙashin allura.

Keken ɗinki da idon sawu ake taka shi, gaba da baya. Tela ya ɗora ƙafar dama ya danna, ƙarfen ciki ya soke shi, wilin ya juya baya, zare ya tsinke.

Lauyan kamfani ya ce, "Ai yana da ta hagu."

Auta ta sake zura zaren. Ya ɗora ta hagu. Ƙafar ta kwanta a kan feda kamar itace. Ya tura da gwiwa, ya tura da ƙugu, allura ta sauka sau huɗu a karkace, zare ya sake tsinkewa. Sau uku ana zurawa. A na ukun ya kifa kansa a kan keken da ya shekara goma sha biyu yana takawa, ya fashe da kuka a gaban jama'a.

Alƙali ya karɓi ƙyallen ya juya shi. Ya tambaya ko wa ya sa aka tsayar da Tela ranar da aka ɗauki hoto. Can sai Inna ta miƙe, mayafinta ya zame.

"Ni ce. Ni na ɓoye sandunan. Suna ƙarƙashin gado ranar."

Aka yanke wa kamfani diyyar ƙafa da ta sana'a, ninkin ba ninkin abin da suka taya. Yaya Babba bai jira ƙarshen karatu ba ya sulale.

Yanzu Tela yana da shago da kekuna uku da ma'aikata. Shi yana zaune a babban tebur yana awo da yanka, Auta tana kan ciniki, kuma ba a taɓa jin ta sallama a tayin farko ba. Yaya ya zo sau ɗaya neman jari, ta ce akwai gurbin mai guga in yana so. Inna ta zo da kanta ta ba ta haƙuri, Auta ta shimfiɗa mata tabarma ta kawo ruwa, ba ta tayar da tsohuwar magana ba. In baƙi suka yi sallama a gida yanzu, Inna ce take tashi ta ɗauko sandunan ta miƙa wa ɗanta a gabansu.

'Yan mata, ku riƙe wannan. Ciwon da aka ɓoye don kunyar baƙo, mai shi ne zai biya kuɗinsa shi kaɗai. Kuma haƙuri ba shi ne a karɓi duk abin da aka jefo ba. Auta ta haƙura da zagi, ta haƙura da kora, amma ba ta yarda an sayar da ƙafar mijinta a araha ba. Shi ya sa yau ta samu mijin, ta samu haƙƙin.