Hannun Daman Ɗana

Ƙusa ce ta haɗa su. An tashi daga sujada a coci, wata yarinya ta miƙe daga bencin mawaƙa, ƙusa ta kama gefen zaninta ta yaga.

"Wane kafinta ne ya yi wannan aika-aikar?" in ji ta.

Ɗana yana tsaye a bayanta. Ya ce, "Ni ne. Kawo in kai wa tela."

"Ni ce telar. Kai dai je ka ɗauko gudumarka."

Tun ranar take ce masa Ƙusa, shi kuma ya ce mata Allurata. Ni uwarsa ce, ban yi makaranta ba, amma an karanta mini saƙonninsu har sun zauna mini a ka.

"Allurata, na bi bencin cocin ɗaya bayan ɗaya, ba sauran ƙusa sai ni."

"To tsaya inda kake, kar ka yagi kowa."

Ana cikin haka, wata safiya injin yanka katako ya fizgi hannunsa na dama. Babban yatsa da ƙaramin kawai ya bar masa.

Jinin bai bushe a shago ba uwar mai kemis ta buɗe baki. Ita ce shugabar matan cocinmu, kuma kowa ya san ɗanta take wa kwaɗayin yarinyar. A gaban mata ta ce wai Allah ba ya yanke hannun da bai taɓa abin wani ba. Ɗana! Yaron da ko guntun katako ya rage sai ya mayar wa mai shi.

Uban yarinyar, dattijo ne a coci, ya kira ta ɗaki. "Ban ce ɓarawo ba ne. Amma kafinta ba hannu, da me zai riƙe ki? Ga mai kemis nan da hannunsa biyu."

"Baba, ba hannu na ce ina so ba."

"Na gama magana."

A asibiti ɗana ya juya wa bango fuska. Na ce mu yi addu'a, ya ce shi bai san me zai ce wa Yesu ba. Na ce, "Gaya masa ka ji haushi mana, ai ba baƙo ba ne. Tun kana rarrafe nake durƙusar da kai, ka zaci don ranar daɗi nake yi?"

Ya yi kuka, ya yi addu'ar, ba daɗin ji, amma ya yi. Daga nan ya ɗauki waya da hannun hagu yana lalube, ya tura mata saƙo.

Shiru, yarinya ba ta zo ba, ba ta kira ba. Shi ya ɗauka ta bi maganar ubanta. Ya ce, "Mama, ƙyale ta. Ubangiji bai bar ni ba, wannan ya ishe ni." Ya ishe shi, ni bai ishe ni ba. Na yafa gyale na nufi shagonta.

Na same ta a kan keken ɗinki, ido ya kumbura. Na ce, "Ke 'yar nan, haka ake yi?"

"Mama, shi ya kore ni." Ta miƙo mini waya.

"Me zan gani a ciki? Karanta."

Ta karanta: "Allurata, ki bar ni."

Na ce, "Ƙarya wayar take yi. A gabana ya rubuta, yana faɗi da baki. Kar ki bar ni, ya ce. Hannun hagu ne ya zubar da kar ɗin a hanya."

Ko takalmi ba ta tsaya nema ba, da silifa ɗaya nata ɗaya na mai koyon ɗinki ta isa asibiti.

"Ƙusa, da hannu biyu ka yaga mini zani, da ɗaya kuma ka yaga mini zuciya. Ba a gyara ka ne?"

"Allurata, ai shi ya sa nake neman tela."

Da aka sallame shi ya koma shago. Kowace safiya ta biyo, su yi addu'a a bakin ƙofa, sannan ya kama koyon zarto da hagu kamar sabon yaro. Ya ɓata katako ba kaɗan ba, ya daki yatsun da suka rage. Bai fasa zuwa coci ba, kuma bai ɓoye hannun a aljihu ba, a gaban masu gulmar yake ɗaga shi yana waƙa.

Kujerar farko da ta tsaya daidai, ya ɗauka a ka ya kai wa dattijo, uban yarinyar. Mutumin ba ƙaramin jiki gare shi ba. Ya zauna, ya jijjiga, ya jingina, kujera ko ƙara.

"Da hagu ka yi wannan?"

"Da hagu, Baba, da taimakon Ubangiji."

Dattijo ya shafa kujerar. Ya ce, "Ni nake koya wa mutane bangaskiya, ga ta ka kawo mini har gida. Turo manyanka."

Ranar aure fasto ya ce su riƙe hannun dama. Ɗana ya dubi hannunsa. Dattijo da kansa ya taso, ya kamo hannun nan mai yatsu biyu, ya ɗora na 'yarsa a ciki, ya juya su suka fuskanci jama'a. Ni kuwa na yi guɗa har sai da maƙogwarona ya dushe.

Uwar mai kemis tana layin gaba, ta ci ta sha, har yau ba ta janye maganarta ba. Ɗana ya ce ya yafe. Ni ma zan yafe, amma a gaban mata ta faɗa, a gaban mata za ta tsaya ta ce ƙarya ta yi. Ina nan kowace Lahadi, benci na biyu.

Su kuwa yaran nan, Ubangiji ya albarkaci gidansu, ya ba su 'ya'ya masu taurin bangaskiya irin ta ubansu. Amin.