Buta Ta Haifi Buta

A wani zamani da ba wanda ya riƙe shekararsa, an yi wata maginiyar tukwane wadda mahaifiyarta ta rasu ta bar mata buta ɗaya tak da ta gina da hannunta. Butar ta tsage, kullum tsagar ƙaruwa take yi. Ta yi ta ƙoƙarin gina irinta, ta kasa.

Sai ta kai kukanta wajen wata tsohuwa. Tsohuwa ta shafe butar da man kaɗe, ta dama farar ƙasa ta lulluɓe ta, ɓari biyu. Da ƙasar ta sandare ta raba, ta ciro butar, ga siffarta kwance a ciki. Ta ce, "Mazubi ke nan. Shanya shi a inuwa."

Bayan kwana uku maginiya ta ce, "Iya, ya bushe?"

"Kara shi a kumatunki. Da sanyi?"

"Da sanyi."

"To, da saura."

Sai a rana ta tara sanyin ya tafi. Suka ɗaure ɓarin biyu da igiya, suka cika da yumɓu mai ruwa kamar kunu. Da ya kama jikin mazubi suka tsiyaye sauran. Tsohuwa ta tafi rijiya.

Maginiya ta kama igiya, zuciyarta na cewa ta kwance. Ta saki, ta ce wa kanta, "Da saura." Ta sake kamawa, ta sake saki.

Da yumɓu ya janye daga bakin mazubi da kansa, ta buɗe a hankali. Ga sabuwar buta! A wuyanta har da sawun babban yatsan mahaifiyarta, wanda datti ya ɓoye a tsohuwar butar. Ta ɗora nata yatsan a kai.